Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo: Dokokin Gida a Wasan Dungeons & Dragons

A shekarar 1974, wasu 'yan wasa da ke haɗuwa a wani shagon kayan wasanni mai suna Aero Hobbies a garin Santa Monica na jihar Kalifoniya a Amurka suka lura da wani giɓi a sabon wasan da ya shigo hannunsu. Wasan, wato Dungeons & Dragons, ya ba mutum damar zama ɗaya daga cikin abu uku kacal: mayaƙi, ko matsafi, ko malamin addini mai ɗauke da makami. Su kuwa suna son wanda zai buɗe kwaɗo ba tare da mabuɗi ba, ya kwance tarko, ya saɗaɗa cikin duhu ba a ji motsinsa ba. Ba su jira kamfani ya ba su ba. Suka ƙirƙiro na huɗu da kansu, suka sa masa suna ɓarawo.

Labarin ya kai kunnen Gary Gygax, ɗaya daga cikin mutum biyu da suka rubuta wasan. Ya tsara nasa samfurin ɓarawon, kuma a 1975 ya saka shi cikin Greyhawk, littafin ƙari na farko da kamfaninsa ya buga. Yau, bayan shekara hamsin, da wuya ka sami wasan almara na tebur ko na kwamfuta da babu jikan wannan ɓarawo a ciki.

Na fara da ɓarawon ne saboda ra'ayina gaba ɗaya yana cikin labarinsa. Dokokin da 'yan wasa ke ƙirƙira a gida su ne suka gina wannan wasa tun daga tushe, kuma duk wanda ya zauna a tebur yana da haƙƙin yin nasa. Amma ɓarawon nan da kowa ke so ya zo da wata ɓarna da aka daɗe ba a gane ta ba. Wanda zai kafa doka a teburinsa ya kamata ya san ɓarnar kafin ya ɗauki biro.

Yadda ake wasan

Ga wanda bai taɓa gani ba, abin ba shi da sarƙaƙiya. Mutum huɗu ko biyar ne za su zauna da takarda da fensir da dayis, wato irin ɗan abin nan mai ɗigo-ɗigo da ake jefawa a ludo, sai dai a nan akwai mai fuska huɗu, da shida, da takwas, da goma sha biyu, har da mai fuska ashirin. Ɗaya daga cikinsu shi ne alƙalin wasa. Shi ke bayyana duniyar da ake ciki: ga kufan wani tsohon birni, ga ƙofar ƙarfe, ga wari yana fitowa daga ƙarƙashinta. Sauran kowa yana riƙe da tauraro guda, yana faɗin abin da tauraronsa zai yi. Wani ya ce zai kasa kunne a jikin ƙofar, wani ya ce zai kunna fitila. Idan abin da aka yi niyya yana da haɗari kuma ba a san yadda zai ƙare ba, sai a jefa dayis.

Ba caca ba ce, domin ba a sa kuɗi, kuma ba wanda ake cewa ya ci ko an cinye shi. Ya fi kama da tatsuniya wadda masu sauraro ke da ikon cewa Gizo ya bi hagu maimakon dama, mai bayarwa kuma dole ya bi su ya ga inda za a kwana.

Kowane tauraro yana da sana'a, kamar mayaƙi ko matsafi, da makin rai wanda in ya ƙare ya mutu, da mataki wanda yake hawa yayin da yake tara makin gogewa. Abin da ake kira tsohon salo shi ne yadda aka yi wasan daga 1974 zuwa farkon shekarun 1980: dokoki kaɗan, mutuwa kusa, dabara ta fi ƙarfi amfani.

Dokar gida kuwa ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa buga Whot a ɗakunan kwanan makaranta biyu daban. A Ingila aka ƙirƙiro katin, amma kafin a raba shi a ko'ina cikin Nijeriya sai an tsaya an daidaita: shin wanda aka ce ya ɗauki biyu yana iya kare kansa da wata biyun? Shin ana iya gamawa da katin lamba 20? Ba mai buɗe takardar da ke cikin kwali. Abin da mutanen wurin suka yarda da shi, shi ne doka.

Wasan da aka haifa a matsayin gyara

Dungeons & Dragons shi kansa dokar gida ce da ta girma. A 1971 Gygax da Jeff Perren suka fitar da Chainmail, dokokin wasan yaƙi da ƙananan gumakan sojoji, da ɗan ƙari a ƙarshensa kan dodanni da matsafa. Dave Arneson, wani matashi a jihar Minesota, ya ɗauki sassa daga ciki ya gauraya da nasa. Maimakon kowa ya ja runduna, sai kowa ya riƙe mutum ɗaya, su shiga ƙarƙashin wani gidan sarauta mai suna Blackmoor neman dukiya. Da ya nuna wa Gygax a garin Lake Geneva na jihar Wiskonsin, sai suka haɗa hannu. A 1974 kamfanin TSR ya buga kwafi dubu ɗaya, ƙananan littattafai uku a cikin kwali, a kan dala goma.

Littattafan nan uku cike suke da giɓi. Wasu wuraren suna tura mai karatu zuwa Chainmail, wanda yawancin masu saye ba su da shi. Wasu dokokin ana iya fahimtarsu ta fuska biyu ko uku. Marubutan ba su ɓoye haka ba. A littafi na farko sun nuna cewa ba laifi mutum ya riƙe kowace irin halitta a matsayin tauraronsa, muddin zai fara da rauni ya hau a hankali. A ƙarshen littafi na uku kuma sun shawarci alƙalai su yanke abin da suka ga ya dace da kansu, kada su dinga jiran kamfani ya yi musu tunani.

Mutane suka karɓi shawarar hannu bibbiyu. Mujallar kamfanin, The Strategic Review, ta buga sana'o'in da masu karatu suka aiko: ɗan daji mai bin sawu na Joe Fischer a 1975, mai rufa-ido na Peter Aronson a wannan shekarar, da mawaƙi na Doug Schwegman a 1976. Dukkansu daga baya sun shiga littattafan hukuma. A Los Anjeles, wata mata mai suna Lee Gold ta fara Alarums & Excursions a 1975, mujallar da kowane marubuci ke aiko da shafukansa a haɗa a raba, kuma mafi yawan abin da ke ciki muhawara ce kan dokoki. A Arizona, Ken St. Andre ya karanta wasan ya ga ya cika rikitarwa, ya rubuta nasa mai sauƙi, Tunnels & Trolls, a 1975. Steve Perrin ya raba wa abokansa takardun gyaran dokar faɗa a 1976, kuma daga wannan hanya aka kai ga RuneQuest a 1978. David Hargrave ya buga The Arduin Grimoire a 1977, wanda ba komai ba ne illa dokokin teburinsa da ya tattara.

Saboda haka idan wani ya ce maka dokar gida karkacewa ce daga wasan na asali, tambaye shi wanne asalin yake nufi. Babu lokacin da aka taɓa samun tebur biyu suna wasa iri ɗaya sak.

Lokacin da kamfani ya ja linzami

Tsakanin 1977 da 1979, TSR ya fitar da manyan littattafai uku masu kauri da sunan Advanced Dungeons & Dragons. A nan muryar Gygax ta sauya. Yanzu yana son a sami doka ɗaya da za a bi ko'ina, domin a iya shirya gasa a tarukan 'yan wasa, kuma wanda ya tashi daga wani gari ya iya zama a teburin wani garin ba tare da gardama ba. Ya sha rubutawa cewa wanda ya sauya dokokin da yawa, to ba wannan wasan yake yi ba.

Hujjarsa ba ta banza ba ce, zan dawo kanta. Amma akwai ciniki a ciki. Kamfanin da ya ce wa mutane su ƙirƙiro da kansu littafi ɗaya zai sayar musu. Wanda ya ce musu su jira na hukuma zai sayar musu da littafi duk shekara. A 1997 kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR, a 1999 Hasbro ya sayi Wizards. Bugu na uku da ya fito a 2000 ya zo da doka kan kusan komai, daga tsalle zuwa lallashi, da jerin baiwa da ƙwarewa da ɗan wasa zai zaɓa wa tauraronsa. Zaɓi ya yawaita ƙwarai, sai dai zaɓi ne daga cikin abin da aka riga aka buga.

Abin mamaki, wannan bugun ne ya buɗe ƙofar komawa baya. Ya zo da wani lasisi da ake kira OGL, wanda ya ba kowa izinin amfani da ƙashin bayan dokokin ya buga nasa littafin. Dama a dokar Amurka haƙƙin mallaka yana kare kalmomin da aka rubuta ne, ba ya kare tsarin yadda ake buga wasa. Masoya tsohon salo suka haɗa waɗannan biyun suka sake gina tsofaffin dokokin da kamfani ya daina bugawa: OSRIC da Basic Fantasy a 2006, Labyrinth Lord a 2007, Swords & Wizardry a 2008. A wannan shekarar ta 2008, wadda Gygax ya rasu a cikinta, Matt Finch ya rubuta wata gajeriyar ƙasida da ta zama jagora ga wannan farfaɗowa da ake kira OSR. Jigonta shi ne fifita hukuncin da alƙali zai yanke nan take a kan dokar da aka rubuta tun kafin a san abin da zai faru.

Ɓarnar ɓarawo

Yanzu mu koma kan ɓarawonmu. Kafin zuwansa, idan 'yan wasa suka yi zargin akwai tarko a wani lungu, sai su bayyana abin da za su yi: a zungura ƙasa da doguwar sanda, a zuba ruwa a ga inda zai zurare, a duba ko akwai zare a ƙasan ƙofa. Mayaƙi yana iya ɓuya a bayan labule, matsafi yana iya hawa katanga. Ba wanda ya ce ba za su iya ba, tunda babu dokar da ta yi magana a kai.

Da aka rubuta cewa ɓarawo yana da kaso kaza cikin ɗari na ɓuya a inuwa, sai tambaya ta taso: to wanda ba ɓarawo ba fa, nawa yake da shi? Tebura da yawa suka amsa da cewa ba shi da komai. Kyautar da aka yi wa mutum ɗaya ta zama hani ga sauran ukun. Kuma shi kansa ɓarawon bai tsira da wani abin kirki ba. A littafin da Tom Moldvay ya shirya a 1981, ɓarawo a matakin farko yana da kaso 15 cikin ɗari na buɗe kwaɗo, kaso 10 na kwance tarko, kaso 10 na ɓuya a inuwa. Wato gwanin da aka kawo domin tarko zai gaza sau tara cikin goma, a aikin da jiya kowa ke yi da sanda da hankali. Garin gyaran gira an taɓa ido.

An ɗauki shekaru ana neman mafita, kuma daga tebura ta fito. Wasu suka ce a fahimci ƙwarewar ɓarawo a matsayin abin da ya wuce na mutane: kowa yana iya ɓuya a bayan buhu, ɓarawo ne kaɗai ke ɓacewa a inuwa tsagwaronta. Wasu suka ce duk wanda ya bayyana dabara mai kyau ya yi nasara ba tare da jefa dayis ba, ƙwarewar ɓarawo kuma dama ce ta biyu idan dabara ta ƙare. James Raggi, a wasansa Lamentations of the Flame Princess na 2010, ya ba kowa dama ɗaya cikin shida a irin waɗannan ayyuka, gwani kuma ya sami maki da zai ƙara inda yake so.

Darasin ya shafi duk wata sabuwar sana'a da wani zai ƙirƙira. Kafin ka rubuta abin da tauraronka zai iya, tambayi kanka abin da ka hana sauran. Idan ka ƙirƙiro ɗan kasuwa wanda shi kaɗai ke da dokar ciniki, ka rufe bakin kowa a kasuwa. Idan ka ƙirƙiro mafarauci wanda ba ya taɓa ɓata a daji, ka kashe daji gaba ɗaya a matsayin wurin haɗari, kuma duk wanda ya zo don jin daɗin neman hanya ya yi asara.

Dokar da ta cancanci zama

Na koyi wannan da kaina. Lokacin da na fara alƙalanci wa wasu abokai a ƙarshen mako, tausayi ya kama ni. A dokokin 1981, matsafi a matakin farko yana da makin rai tsakanin ɗaya da huɗu, da tsafi guda ɗaya a yini, kuma duk wanda makinsa ya kai sifiri ya mutu. Sara ɗaya na takobi ya isa. Sai na kafa doka cewa wanda makinsa ya ƙare suma ya yi, zai farfaɗo bayan faɗa. Cikin zama uku wasan ya lalace. Mutanen da a da suke tsayawa su yi shawara, su aika ɗan leƙen asiri, su nemi sulhu da dodo ko su ba shi cin hanci, suka koma afka wa duk abin da ya motsa. Na cire tsoro, ban san cewa tsoron ne ke sa su tunani ba. Da muka zauna muka sake dubawa, muka daidaita a kan cewa wanda ya faɗi zai jefa dayis: ko ya mutu, ko ya tashi da tabo na dindindin kamar ɗingishi ko rashin ido ɗaya. Shawara ta dawo teburin a daren.

Tun daga nan, abu uku nake dubawa a kowace dokar gida.

Na farko, ta fito daga matsalar da aka gani a tebur, kada ta fito daga zaman kaɗaici da biro. Misalin da na fi so shi ne dokar garkuwa da wani marubuci mai laƙabin Trollsmyth ya yaɗa a 2008. A tsofaffin dokoki garkuwa tana rage yiwuwar a same ka da kaso biyar cikin ɗari kacal, abin da bai dace da matsayinta a tarihin yaƙi ba. Gyaransa jimla ɗaya ce: idan sara ya same ka, kana iya cewa garkuwarka ta tare shi ta tarwatse. Ka tsira, amma ka rasa garkuwa, kana tsakiyar kogo, kasuwa kuma tana nesa.

Na biyu, ta ba ɗan wasa zaɓi mai tsada. Dokar garkuwa ta yi haka. Haka ma dokar shagali. A tsohon salo yawancin makin gogewa daga dukiya yake zuwa, kowane tsabar zinare da aka fito da shi maki ɗaya ne, shi ya sa wayo ya fi faɗa riba. Amma bayan 'yan tafiye-tafiye sai zinare ya taru ba abin saye. Arneson tun a teburinsa ya sa sai an kashe dukiyar kan abin da tauraro ke sha'awa kafin ta zama maki. Jeff Rients ya sabunta wannan a 2008: tauraro yana iya ɓarnatar da kuɗinsa a gari don ƙarin maki, amma yana iya wayar gari da bashi, ko sabon maƙiyi, ko alkawarin da bai tuna ya ɗauka ba. Kuɗin da ya zama kaya ya koma tushen sabon labari.

Na uku, ta zama gajeriya yadda za a riƙe ta a ka. Tsarin GLOG da Arnold Kemp ya fitar a 2016 ya taƙaita kowace sana'a zuwa matakai huɗu da za su shiga shafi guda, shi ya sa mutane da yawa suka iya rubuta nasu, daga masu ma'ana har zuwa na barkwanci. Ben Milton a wasansa Knave na 2018 ya soke sana'a gaba ɗaya: abin da ka ɗauka a jakarka shi ne kai. Ka cika ta da sulke da makamai ka zama mayaƙi, ka cika ta da littattafan tsafi ka zama matsafi, kuma gurbin jakar ƙidayayye ne.

Ba kowace sananniyar doka ce ta ci wannan jarrabawa a wurina ba. A The Black Hack na David Black, 2016, ba a ƙirga kibau ko fitilu ɗaya bayan ɗaya. Ana ba su dayis, duk lokacin da aka yi amfani da su a jefa, in ya nuna ɗaya ko biyu a sauka zuwa ƙaramin dayis har su ƙare. Ta rage lissafi, mutane da yawa suna sonta. Ni ina ganin ta ƙwace wa ɗan wasa abin da ya fi daraja, wato ya san saura fitila biyu ya yanke shawarar ko a ci gaba ko a juya. Amma wannan ra'ayin teburina ne, kuma amfanin dokar gida kenan: ba sai mun yarda da juna ba.

Abin da masu suka ke faɗi

Akwai suka guda uku da bai kamata a yi watsi da su ba.

Na farko shi ne daidaito. Kamfani yana gwada dokokinsa da dubban mutane kafin ya buga, kai kuwa da abokanka huɗu ka gwada. Gaskiya ne. Sai dai tsohon salo bai taɓa neman kowa ya yi daidai da kowa a kowane lokaci ba. Yana da nasa ma'aunin, wato farashi. A dokokin 1981 ɓarawo yana hawa mataki na biyu da maki 1,200, mayaƙi da 2,000, matsafi da 2,500, shi kuwa elf, wata halitta ta tatsuniyoyin Turai da ta haɗa takobi da tsafi, sai ya tara 4,000, kuma ba ya wuce mataki na goma. Wanda ya ƙirƙiro sana'a mai ƙarfi yana da wurin da zai sa mata tsada. In kuma ya yi kuskure, mutum biyar abin ya shafa, kuma za su gyara mako mai zuwa. Kuskuren kamfani kuwa sai ya zauna a littafi shekaru.

Na biyu shi ne hujjar Gygax: baƙo. Wanda ya karanta littafi ya zo da shirinsa, sai ya tarar an sauya rabin abin da ya sani, yana da dalilin jin an yaudare shi. Maganin wannan ladabi ne. A rubuta dokokin gida a shafi ɗaya, a ba kowa kafin ya ƙirƙiri tauraronsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. In dokokin sun fi shafi biyu, to a faɗa wa baƙo gaskiya cewa wani wasan ake yi a nan.

Na uku shi ne mafi nauyi: zaluncin alƙali. Inda doka ta yi ƙaranci, ikon mutum ɗaya yana yawa, kuma akwai alƙalan da ke fakewa da hukunci su fifita aboki ko su hukunta wanda ya fi su wayo. Dokoki masu yawa na bugu na uku, a wani ɓangare, kariya ce ga ɗan wasa daga irin wannan. Ban yarda cewa kauri na littafi yana gyara halin mutum ba, amma na yarda cewa hukunci yana bukatar tarihi. Abin da aka yanke yau a rubuta shi, gobe a bi shi ko da ya juya kan dodon alƙali. Dokar gida ta gaskiya ita ce wadda teburin ya amince da ita. Wadda mutum ɗaya ya fito da ita daga aljihu a tsakiyar faɗa son zuciya ce kawai.

Wa ke da wasan?

A watan Janairu na 2023 wannan muhawara ta fita daga tebur ta shiga kanun labarai. Wani daftari ya fallasa wanda ya nuna Wizards of the Coast na shirin soke tsohon lasisin OGL, ya maye gurbinsa da wanda zai karɓi kaso 25 cikin ɗari na kuɗin shigar da ya haura dala 750,000 daga masu buga littattafai. Ƙananan mawallafa da suka gina sana'arsu a kan alkawarin shekara ashirin da 'yan kai suka ga ƙasa na zamewa a ƙarƙashinsu. 'Yan wasa suka fara janye rajistarsu daga D&D Beyond, shafin da Hasbro ya saya a 2022. Kafin watan ya ƙare kamfanin ya janye, ya kuma saki ginshiƙin dokokin bugu na biyar a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ba a iya sokewa.

Abin da ya ba mutane ƙarfin yin tirjiya shi ne sanin cewa suna iya tafiya. Al'ummar da ta saba rubuta dokarta ba ta tsoron a rufe mata littafi. Wannan ne ya sa nake kallon komawar wasan cikin manhaja da ɗan ɗari-ɗari. Manhaja tana sauƙaƙa lissafi, amma abin da aka tanada a cikin jerinta shi take karɓa da sauƙi, kuma a hankali ɗan wasa yakan saba da cewa iyakar abin da tauraronsa zai iya shi ne abin da ke da maɓalli. A takarda kuwa, gefen shafi a buɗe yake.

Shawarata ga wanda ke son gwadawa ita ce ya fara da dokokin yadda suke. Basic Fantasy kyauta ne a intanet, haka ma Cairn na Yochai Gal. Ya yi zama biyar ko shida bai taɓa komai ba, domin sau da yawa dokar da ta yi kama da kuskure tana riƙe da wani ginshiƙi da ba a gani sai an cire ta, kamar yadda mutuwa ta riƙe shawara a teburina. Bayan nan, idan wani abu ya ci gaba da damun kowa, a tsaya a tattauna, a rubuta gyara ɗaya a gwada. In wani ya zo da sana'ar da ya ƙirƙira, a tambaye shi abin da za ta biya da abin da za ta hana sauran, sannan a bar shi ya zauna da ita. Haka aka yi wa ɓarawo a Santa Monica, kuma har yau ana gyaransa.